Malam Raga da Ƙwallon Tsakiya

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga labarin gwarzon da duniya ta ƙi sani saboda baƙin ciki: Malam Raga, sarkin filin siminti, dodon 'yan aji uku, mai usur ɗin da ke tsayar da kuka tsakiyar hawaye, mutumin da ya ƙarar da gashin kansa wajen koya wa 'ya'yan mutane cin kofi, alhali shi kofin da ya taɓa ɗagawa bai wuce na shayi ba.

Asalinsa ba malami ba ne. A wani shagon kayan wasanni ya fara aiki, yana ɗaure wa raket, wato sandar buga ƙwallon tanis, zare. Masu hali su kawo nasu, ya ja zaren ya ɗaure tamau, sannan ya zagaya bayan shago ya gwada a jikin bango, wai don ya tabbata ya ɗauru. Gwajin nan kan ci rabin yini. Ranar da mai shagon ya gane bangonsa ya fi masu raket ɗin morar kayansu, sai ya sallame shi da addu'a. Ana haka wata firamare ta nemi mai kula da wasanni. Ya je da wata tsohuwar raga a kafaɗa da raket biyu da masu su suka manta da su. Hedimasta ya tambaye shi takardunsa, ya nuna masa tafin hannunsa da ya yi kanta. Da yake ba wanda ya zo neman aikin sai shi, aka ɗauke shi. Ragar nan kuwa kullum da ita yake zuwa, da ita yake komawa gida don tsoron ɓeraye, shi ya sa yara suka raɗa masa suna, har malamai suka manta na yanka.

Filin da yake alfahari da shi, da safe wurin jeruwar yara ne, sai bayan an tashi yake zama filin tanis. Shi ya ja masa layi da farin fenti. Gefe ɗaya ya gangara wajen famfo, ƙwallo in ta bi nan sai a tsamo ta a jiƙe. Akwai wata tsaga a tsakiya da ciyawa ke leƙowa, Malam na cire ta da safe tana dawowa da yamma. Ƙwallayen kuwa duk sun yi sanƙo, in ya sunkuya ɗaukar ɗaya sai ka rantse ita da kansa 'yan uwa ne.

Mutum ɗaya ne ba ya ga-maciji da shi a makarantar, wato malamin lissafi. A tanis ba a ƙirga ɗaya, biyu, uku. Cin farko sha biyar ne, na biyu talatin, na uku arba'in. Malam Raga ya dasa wannan a kan yara har ya yi saiwa. Da jarrabawa ta zo, rabin aji suka rubuta cewa talatin a tara da sha biyar arba'in ne, wasu har da ja masa layi biyu. Tun daga ranar in sun haɗu a baranda, malamin lissafi bango yake gaisarwa.

Wasan bibbiyu shi ne ransa, wato biyu a nan, biyu a can. Gaskiyar magana yara sun yi yawa, fili ɗaya ne, dole a zuba su huɗu-huɗu. Amma in ka tambaye shi sai ya gyara tsayuwa ya ce wasan ɗaiɗai wasan marowata ne. A bibbiyu, in ji shi, ƙwallon dama ba ta da rigima, ta hagu ba ta da rigima. Fitina duk tana wurin ƙwallon tsakiya, wadda ke bi ta tsakanin abokan wasa. Ko dai su biyun su rufa mata su gwara raket da goshi, ko kowa ya bar wa ɗan uwansa ta wuce abinta kamar baƙuwar da ba a yi wa tayi ba. Maganinta ɗaya ne: wanda ta fi kusa da hannunsa mai ƙarfi ya kwatsa ihu, “Bar min!” ɗayan kuma ya kauce ba musu.

Daga nan dokarsa ta fito: ba ya haɗa abokai, ba ya haɗa 'yan uwa. Abokai, in ji shi, ba wasa suke yi ba, ban haƙuri suke yi. “Yi haƙuri, ni na ɓata.” “A'a wallahi, ni ce.” Kafin su gama an cinye su. Don haka da an kaɗa ƙararrawar tara sai ya fita yawon neman faɗa. Duk biyun da ya tarar sun shaƙe juna a kan biro ko kan layin famfo, ya raba su, ya miƙa wa kowa raket. Irin waɗannan ba sai an koya musu “Bar min!” ba, da ita aka haife su. Iyaye suna ta sa masa albarka wai mai sasanta yara ne. Ba su san kiwon rigimar yake yi ba.

Wannan mutum da ke tsawa tsuntsaye su watse daga kan rufi, akwai inda muryarsa ke komawa ta ɗan tsako. Yana da yaya mace, tela ce, shagonta na bakin titin da ke bayan makarantar. Ita ta goya shi, ita ta yi masa wanka, ita ta san shekarar da ya daina fitsarin kwance, kuma ba ta ɓoye wa kowa. Yaya Tela ba ta ɗaga murya. Tabarau kawai take saukewa kan hanci ta dubi mutum ta samansa. Tun da Malam ya yi wayo, amsarsa gare ta ɗaya ce: “To, Yaya.” Ko rigar da ta ɗinka masa hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, “To, Yaya” ya ce, ya koyi tafiya da kafaɗa a karkace.

'Ya'yanta biyu na ƙarshe suna makarantar. Babbar tana aji shida, Monita ake ce mata, don tun aji ɗaya take riƙe da muƙamin, kuma ko a gida ba ta ajiye shi. Ƙaramin shi ne Auta, ɗan aji huɗu, siriri kamar tsinke, ladabi kamar ya kashe shi. A gidan Yaya Tela ƙarami ba ya riga babba komai: ba ya riga shi sa hannu a abinci, ba ya riga shi zama, ba ya riga shi shiga ƙofa. Auta ya sha wannan tarbiyya har ta fi ƙarfin jininsa.

Sai ga gasar makarantun firamare ta zo, kuma a filin Malam za a yi. Kowace makaranta ta kawo namiji da mace. Mace ba matsala, Monita ce, bugunta kamar na mai dukan katifa. Namijin da ya tanada mata wani ɗan rigima ne da suka shekara suna gaba a kan maganar sharar aji, haɗi ya yi kyau ƙwarai. Ana saura 'yan makonni aka yi wa uban yaron canjin wurin aiki, suka kwashe kaya. Malam ya gwada duk mazan da suka rage. Wani tsoron ƙwallo yake, wani tsoron Monita. Wanda kaɗai ke mayar da ƙwallo inda aka nufa shi ne Auta. Malam ya kwana yana juyi, da safe ya karya dokarsa da hannunsa.

Ranar gwajin farko ya tsayar da Auta a hagu, yadda hannunsa na dama zai fuskanci tsakiya. Ya bugo musu ƙwallo ta tsakiya a hankali. Auta ya ɗaga raket, ya dubi yayarsa, ya ja da baya, ya ɗan rusuna.

“Yaya, ga ta nan.”

Ƙwallo ta wuce ta tafi famfo.

“Kai Auta! Abinci ne da za ka yi mata tayi?”

“Kawu, ai ita ce babba.”

“A nan ba Kawu, Malam nake! Kuma ƙwallo ba ta san babba ba. Ka ce mata bar min!”

Yaron ya zaro ido. “Yayar zan ce wa haka?”

Monita ta riƙe ƙugu ta ce, “Ya gwada mana.”

Malam ya ga aiki ja a gabansa. Ya fara da bango: Auta ya tsaya ya yi ta ce wa bango bar min. Daga bango aka koma bishiya, daga bishiya aka koma kan mai gadi, wanda ya ce shi bai riƙe wa kowa komai ba. Sannan Malam ya shigo da alawa. Ya ajiye ɗaya a kan benci tsakanin yaran biyu, wanda ya riga faɗa shi ke sha. Kwanakin farko Monita ta sha alawa har haƙorinta ya fara ciwo. Rannan dai kwaɗayi ya rinjayi ladabi, wata 'yar murya ta fito kamar ta sauro. Washegari ta zama ta kyanwa. Kafin mako ya zagayo, in Auta ya ce “Bar min!” har 'yan ajin da ke shara sukan saki tsintsiya. Ƙwallon tsakiya ta shiga uku. Malam ya rinƙa tafiya yana taku ɗaiɗai kamar wanda ya ƙirƙiro wutar lantarki.

Abin da ya manta shi ne bai nuna wa yaron inda ake kashe abin ba.

A gida aka fara da rimot. Monita ta miƙa hannu, sai “Bar min!” rimot ya ɓace. Aka yi dariya. Sai tsokar nama ta ƙarshe a faranti. Dariya ta ragu. Sai da asuba uban ya nufi banɗaki da tawul a wuya, ya ji ihu a bayansa, ya kauce da sauri don ya zaci wuta ce, Auta ya shige ya ja sakata. Abin da ya cika ma'auni shi ne ranar da wata dattijuwa cikin manyan masu kawo wa Yaya Tela ɗinki ta zo gida gaisuwa. Aka kawo mata lemu a faranti, ta miƙa hannu cikin natsuwa. Sauran labarin ba sai na faɗa ba. Dattijuwar dai ta ce a ba ta ruwa ta sha, ƙirjinta na bugawa.

Aka aika Malam ya zo shago. Ya tarar da Yaya Tela da tef a wuya, allura a baki, tana auna wata mata. Ya tsuguna tsakanin keken ɗinki da kwandon ƙyallaye, wurin da ya saba tsugunawa tun yana ɗan gajeren wando.

“Ɗaga hannu, Hajiya. Kai kuma, na ba ka yaro ka dawo min da shaho.”

“To, Yaya.”

“Shekara tara ina gini, ka rushe min da alawa. Juya, Hajiya. Kin gan shi nan? Ni na yaye shi. Da cokali yake gudu ya ɓuya a ƙarƙashin gado.”

Matar ta dube shi da tausayi ta ce, “Allah sarki.”

“Daga yau ba Auta ba tanis. Ita ma Monitar ta bari, tunda tana tsaye ƙaninta ke mata ihu tana kaucewa. Ka ji ni?”

Gasa saura kwana kaɗan. Ba shi da wasu yaran. Ya buɗe baki zai yi musu, abin da ya fito shi ne, “To, Yaya.”

Ya nemi masu ceto. Ya sami mijinta a gareji yana ƙarƙashin mota, ya yi masa bayani tun daga farko. Mutumin ya turo kai waje ya ce, “Kai da kuka fito ciki ɗaya ka kasa, sai ni da aka ba ni riƙo? Miƙo min sifana.” Ya je wa hedimasta, hedimasta ya ce shi rigunansa uku suna hannunta, kuma ya ga abin da ya sami hannun rigar Malam. Ko malamin lissafi sai da ya yi tunanin roƙa, ya ga gara a ci shi ba wasa.

Ranar gasa ranar makaranta ce, don haka yaran biyu sun zo da kayan makaranta kamar kullum. Fili ya cika, an jera kujeru, baƙi sun zo da raket masu sheƙi da jakunkuna da robobin ruwa masu launi. Aka kira sunan makaranta. Malam ya dubi ƙofa, ba kowa. Ya dubi Monita da Auta, suka dube shi. Shaiɗan ya raɗa masa cewa shago ba ya barin tela ta fita da rana. Ya miƙa musu raket.

Ba su gama ɗumama jiki ba sai ga Yaya Tela. Ashe ihun Auta har shago ake jiyo shi. Ta ratso tsakiyar jama'a da tef ɗinta a wuya, zare na bin gefen zaninta, ta taka cikin fili ba sallama, ta kama wuyan hannun Monita da dama, na Auta da hagu, ta juya za ta fita.

To, mutumin nan ya yi makonni ba abin da ke fita bakinsa safe da yamma sai kalma biyu. Ya faɗa wa bango, ya faɗa wa bishiya, matarsa ta ce har cikin barci yake faɗa. Da ya ga abu zai wuce ta gabansa, bai san lokacin da ya daka tsalle ya faɗa cikin fili ba, ya kwatsa da muryar da yake tara yara:

“Yaya, bar min!”

Alƙalin wasa ya tsaya da baki buɗe. Mai gadi ya fara laluben hanyar ƙofa. Malam da kansa ya waiga ya ga ko wani ne ya faɗa.

Yaya Tela ta saki yaran, ba don ta yarda ba, hannuwanta ne suka saki don mamaki. Ta sauke tabarau. Ta dube shi tun daga sanƙo har takalmi.

“Ni?”

Bakinsa dai ya riga ya ɓalle. “Yau kaɗai, Yaya. Ki bar min su yau kaɗai. In an tashi ki yanka ni.”

“Zan yanka ka kuwa,” in ji ta. Ta waiga, hedimasta ya miƙe daga kujerarsa tun ba a tambaye shi ba. Ta zauna ta harɗe hannu. “Ku yi in ga abin da ya fi tarbiyya.”

Aka fara. Sai dai Auta yana ganin uwarsa a zaune ya koma gidan jiya. Ƙwallon tsakiya ta farko ta zo, ya dubi Umma, ya ja da baya. Ta biyu ma haka. Abokan karawarsu ba wawaye ba ne, suka gane ƙofar a buɗe take, suka yi ta aiko da ita ta nan. Monita na huci, Malam na cizon igiyar usur.

Kusa da Yaya Tela kuwa uwar yarinyar da suke karawa da ita ce zaune, da ƙaton gilashi da mafici. Duk cin da aka yi sai ta tafa ta ce, “Haka nake so, 'yata!” Can ta karkato ta ce, “Baiwar Allah, waɗannan na wace ce? Yaron kamar an dasa shi. Da sun bar shi a gida ya yi wa uwarsa tsaron shago.”

Yaya Tela ta gyara zama. Ƙafarta dai ta fara kaɗawa kamar tana taka keke. Aka sake aiko wata ta tsakiya, Auta ya rusuna, ta wuce. Matar ta yi dariya har da buga cinya. Sai aka ga kujerar hedimasta ta faɗi ta baya.

“Kai Auta! Gunki ne kai? Ba a hannunka take ba? Ka ce ta bar maka mana!”

Yaron ya dubi uwarsa, ya dubi kawunsa, ya dubi sama. Ƙwallo ta gaba da ta biyo tsakiya, ihun da ya yi sai da mai gilashi ta yar da mafici. Daga nan wasa ya juya. Yaya Tela ba ta koma kujera ba. Tana bin gefen layi tana ba da umarni, ba ta san ƙirgen ba, ba ta san dokar ba, sai da alƙali ya roƙe ta sau biyu ta daina kiran yaran mutane marasa kunya. Monita da Auta suka cinye wasan da ƙyar. A zagaye na gaba wasu ƙattin yara da ake zargin sun fara aske gemu suka fitar da su, amma wannan ba ya cikin abin da ake ba da labari a gidan.

Da jama'a suka watse ta kira su ukun, ta nuna farin fentin da ɗan yatsa.

“Kun ga layin nan? A cikinsa ƙarami ya yi ihunsa. Da ƙafa ta tsallako waje, kowa ya koma matsayinsa. Auta, ka ƙara ƙwace wa baƙuwa lemu ka gani.” Sannan ta juya kan Malam. “Kai kuma Allah ya so ka, a cikin layi kake tsaye da ka faɗa. Jibi ƙarfe nawa ne gwajin? Su zo da wuri. Kuma wannan ragar abin kunya ce, kawo in ɗinke ta.”

“To, Yaya.”

Da labari ya iske mu a shagon aski, na ce wannan ba na zama ba ne. Na fita nemansa, na tare shi a bakin titi da yamma, yana tafe yana haɗa gumi da tukunyar gas a kafaɗa. Na cire hula, na ce, “Malam, ranka ya daɗe! Namijin duniya, wanda ya ce wa Yaya Tela bar min kuma ya kwana da rai! Yau ka 'yantu. Faɗa min yadda ka ji, zan rubuta jikoki su karanta.”

Ya sauya wa tukunyar kafaɗa, ya dube ni.

“Yaya ta ɗora girki gas ya ƙare. In ba kama min za ka yi ba, matsa.”